Yadda za ka tantance abin da baƙi suka faɗa game da halin mutanen Finlan

Ɗan yayata ya sami gurbin karatun injiniya a wata jami'a da ke Oulu, a arewacin Finlan, kuma a daren da muka taru a gidan Hajiya a unguwar Shara Mansur da ke Makka domin yi masa fatan alheri, kafin a gama zagayen shayi na biyu an riga an yanke wa mutanen ƙasar hukunci har kala huɗu. Baffansa ya ce mutane ne da ba sa magana, sai ka kwana ka wuni da mutum bai ce maka uffan ba. Wata ƙanwarsa ta ce ai ta gani a waya cewa su suka fi kowa farin ciki a duniya. Wani maƙwabci ya ce mashaya ne, wani kuma ya ce ba sa ƙaunar baƙar fata. Cikin masu maganar nan babu wanda ya taɓa taka ƙasar. Yaron ya juyo ya ce, "Kawu, kai da ka yi aiki da su, wanne ne gaskiya?" Na yi shekaru ina tafinta a wani kamfani a Jidda inda injiniyoyin Finlan suke zuwa girka na'urori, amma ban iya ba shi amsa a zaune ba, domin kowace daga cikin maganganun nan tana da tarihinta, wata ma ta girmi duk wanda ke cikin ɗakin da ɗaruruwan shekaru. Abin da na ga ya fi amfani shi ne in nuna masa hanyar da zai bi ya auna irin waɗannan maganganu da kansa, kuma mu da muka tashi muna jin kalmar Takari a bakin mutanen da ba su taɓa shiga gidajenmu ba, bai kamata hanyar ta yi mana wuyar ganewa ba.

Fara da isnadi: wa ya gani, wa ya ji?

Duk wanda ya zauna gaban malami ya san cewa kafin a karɓi labari sai an tambayi mai ruwaya da wanda ya ji daga gare shi. Ka yi wa labarin mutanen Finlan wannan tambayar, za ka ga cewa mafi shaharar bayanan farko daga mutanen da ba su taɓa zuwa ba suka fito. Marubucin Rum Tasitus, a shekara ta 98 miladiyya, ya ambaci wasu mutane da ya kira Fenni a ƙarshen littafinsa kan ƙabilun Jamus. Ya ce talaucinsu abin ƙyama ne, ba su da makamai, ba su da dawaki, ba su da gidaje, ganye ne abincinsu, fata ce suturarsu, ƙasa ce shimfiɗarsu, kibansu kuma da ƙashi suke yi musu tsini saboda rashin ƙarfe. Sai kuma ya juya ya ce sun kai wani matsayi mai wuyar kaiwa, wato ba su da ko abin da za su roƙa. Tasitus bai je ƙasar ba, labarin fatake da sojoji ya tattara. Haka ma Al-Idrisi, wanda ya kammala littafinsa na taswirar duniya a Sisili a 1154 kuma ya ambaci yankunan wannan ƙasa, daga bakin matafiya ya ɗauka.

Tare da tambayar isnadi akwai wata da ake yawan tsallakewa: shin mutanen da ake magana a kansu su ne waɗanda kake nufi? Masana da yawa suna ganin Fenni na Tasitus mafarauta ne na arewa, wataƙila kakannin al'ummar Sami, waɗanda harshensu da sana'arsu daban suke da na manoman kudancin Finlan. A tsofaffin labaran mutanen Norwe ma, idan an ce Finn, galibi Sami ake nufi. An yi wa al'ummu biyu kuɗin goro a ƙarƙashin suna ɗaya, kamar yadda a nan Hijaz ake haɗa Bahaushe da Babarbare da Bafulatani da Bazabarme a kira su da kalma guda, a Sudan kuma a ce Fallata. Don haka idan ka ci karo da tsohon bayani, ka tsaya ka tabbatar da wanda sunan yake nufi kafin ka ɗora shi a kan mutumin Helsinki na yau.

Ka nemi buƙatar mai magana

Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci, kuma a nan zan daɗe. Mutum ba ya siffanta wata al'umma haka kawai, akwai abin da yake nema, ko a wurinsu ko a wurin masu sauraronsa.

Wajen shekarar 1171 Fafaroma Alexander na Uku ya aika wa babban limamin cocin Uppsala a Suwidin wasiƙa, inda ya yi kukan cewa mutanen Finlan sukan yi alkawarin riƙe addinin Kirista idan rundunar abokan gaba ta matsa musu, har su nemi a aiko musu masu wa'azi, amma da zarar runduna ta janye sai su juya baya su tsananta wa masu wa'azin. Wanda ya karanta wannan shi kaɗai zai ce mutane ne marasa alkawari. Amma ka dubi wanda ya kai ƙarar da abin da aka ba da shawarar a yi: wasiƙar ta ce a karɓi garuruwansu masu ganuwa a matsayin jingina. Cocin Suwidin da sarakunanta suna neman shimfiɗa ikonsu zuwa gabas a lokacin, kuma ƙasar ta ƙare a hannun Suwidin har zuwa 1809.

Bayan haka sai sunan tsafi ya biyo. Olaus Magnus, wani limamin Katolika ɗan Suwidin da ke gudun hijira a Rum, ya buga babban littafinsa kan mutanen arewa a 1555, ya kuma rubuta cewa mutanen Finlan suna sayar wa matuƙan jiragen ruwa iska a ɗaure cikin igiya mai ƙulli uku. Idan aka kwance na farko sai iska mai sauƙi ta taso, na biyu ya kawo mai ƙarfi, na uku kuwa guguwa ce. Masu karatunsa mutanen kudancin Turai ne masu ƙishirwar labarin abin al'ajabi, shi kuma yana son su san cewa arewa ƙasa ce mai girma da bai kamata coci ta bari ta suɓuce mata ba. Wannan camfi ya yi tsawon rai ƙwarai, domin har a ƙarni na 19 akwai ma'aikatan jirgin ruwa na Ingila da Amurka da suke tsoron ɗan Finlan a cikin jirgi, suna ganin zai iya juya musu iska idan aka ɓata masa rai. Mu ma ai ba baƙin wannan ba ne, kowa a Makka ya san irin aikin da wasu suke zuwa nema wurin ɗan Afirka da dare, bayan sun gama zaginsa da shi da rana.

Misalin da ya fi kowanne fito da abin fili a Amurka ya faru. Tun ƙarshen ƙarni na 18 masanin Jamus Blumenbach, da ya raba 'yan Adam gida biyar, ya sa mutanen Finlan a gidan Mongol, kuma abin da ya ƙarfafa wannan zato shi ne harshensu, wanda ba dangin Jamusanci ko Rashanci ba ne, danginsa su ne harsunan Estoniya da Hangari da Sami. Maganar ta zauna a littattafai shekara da shekaru. A 1907 ma'aikatan haƙar ƙarfe a jihar Minnesota suka yi yajin aiki, 'yan Finlan suna sahun gaba, sai masu kamfanoni suka shiga ƙin ɗaukarsu aiki. Ba a jima ba wani lauyan gwamnati ya nemi a hana wani mai suna John Svan da wasu 'yan ƙasarsu takardar zama 'yan Amurka, da hujjar cewa su Mongol ne, alhali dokar lokacin fararen fata da 'yan asalin Afirka kaɗai ta yarda a ba. A watan Janairun 1908 alƙali William Cant ya yanke hukunci cewa fararen fata ne. Shekara 25 bayan haka, lokacin da tattalin arzikin duniya ya durƙushe ƙasashen Turai suka daina biyan bashin da Amurka ke binsu tun zamanin yaƙin duniya na farko, Finlan ce kaɗai ta ci gaba da biya cikakke a kan lokaci, sai jaridun Amurka suka mai da ɗan Finlan abin misali wajen gaskiya da riƙon amana. Jinin mutanen bai sauya ba tsakanin 1908 da 1933, abin da Amurka take nema a wurinsu ne ya sauya.

Har shugabanni ba su tsira daga wannan ba. Silvio Berlusconi na Italiya ya yi ta yi wa abincin Finlan ba'a tun daga 2001, kuma dalilin a bayyane yake, domin Helsinki da garin Parma na ƙasarsa suna takarar wanda zai karɓi hedikwatar hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai. Parma ta samu. Wani kamfanin abinci na Finlan ya rama ta hanyar ƙirƙiro fiza da naman barewar ƙanƙara ya raɗa mata sunan Berlusconi, kuma a 2008 ta ci wata gasar fiza a New York, ta bar ta Italiya a baya.

Ka dubi shekarar da aka yi maganar

Idan ka gane buƙata, sai ka jera maganganun bisa shekarunsu, domin kowane zamani yana da nasa ɗan Finlan. A yaƙin shekara 30 da aka yi a Jamus daga 1618 zuwa 1648, mahayan dawakin Finlan da ke cikin rundunar sarkin Suwidin sun bar sunan mayaƙa masu ban tsoro. A ƙarni na 19, bayan ƙasar ta koma ƙarƙashin sarkin Rasha da 'yancin tafiyar da harkokinta na cikin gida, mutumin Petersburg, babban birnin Rasha a lokacin, yana kallonsu a matsayin masunta da masu tallar madara, har da sunan raini da yake kiransu da shi. Da Rasha ta fara tauye wannan 'yanci a 1899, fitattun Turawa fiye da 1,000, cikinsu har da Florence Nightingale da Émile Zola, suka sa hannu a takardar koke suna goyon bayansu. A 1907 suka zaɓi mata 19 zuwa majalisa, abin da ba a taɓa yi ba a ko'ina. Daga 1912 kuma sai aka san su da gudu, musamman Paavo Nurmi wanda ya ci zinare 9 a wasannin Olamfik tsakanin 1920 da 1928, fuskarsa a ɗaure, agogon auna lokaci a hannunsa, kuma wannan hoto nasa ya taimaka wajen kafa sunan shiru da juriya.

Yaƙin hunturu shi ya fi komai gina sunan da aka san su da shi a yau. Tarayyar Sobiyat ta afka musu ranar 30 ga Nuwamban 1939, suka yi kwana 105 suna tare ta, 'yan jaridun duniya suka cika Helsinki, kuma a lokacin ne kalmar sisu, wato taurin zuciya da naci bayan ƙarfi ya ƙare, ta shiga jaridun Amurka. A Janairun 1940 Winston Churchill ya yabe su a rediyo a matsayin misalin abin da 'yantattun mutane za su iya yi. Ranar 6 ga Disamban 1941, wadda ta dace da ranar bikin 'yancin kansu, Ingila ƙarƙashin Churchill ɗin nan ta shelanta yaƙi a kansu, saboda sun koma yaƙar Sobiyat tare da Jamus. A zamanin yaƙin cacar baka kuma, da shugaba Urho Kekkonen ya riƙa lallaɓa Mosko tsawon mulkinsa daga 1956 zuwa 1982, 'yan siyasar Jamus ta Yamma suka ƙera wata kalma daga sunan ƙasar mai nufin ƙaramar ƙasa da ta sunkuyar da kai ga babbar maƙwabciya, suka mai da ita gargaɗi ga junansu. Da Finlan ta shiga ƙungiyar tsaro ta NATO ranar 4 ga Afrilun 2023, sai jaridun yammacin suka koma yabon tanadinta da hangen nesanta, suna cewa mutanen da ke da iyaka ta kilomita 1,340 da Rasha sun fi kowa sanin yadda ake zama da ita. Bahaushe yakan ce hali zanen dutse, kuma wataƙila hakan ne ga mutum guda, amma duk wanda ya jera waɗannan shekaru zai yi wuya ya yarda cewa haka yake ga al'umma.

Kada yabo ya sa ka sassauta bincike

Mutane sukan yi tsantseni da zagi su haɗiye yabo ba tauna, alhali yabo ma yana da mai buƙatarsa. Wani tsohon limamin coci ɗan Rasha, Grigory Petrov, ya rubuta littafi a 1923 inda ya zana Finlan a matsayin ƙasar fadama da duwatsu da malamai da limamai suka tayar da ita ta hanyar ilimi. An fassara shi zuwa Turkanci a 1928, har yau kuma ana sayensa sosai a Turkiyya. Littafin wa'azi ne ga mutanen da marubucin yake son su farka, Finlan ɗin ciki kuwa an yi mata kwalliya daidai da wa'azin. Irin wannan ya sake faruwa bayan Disamban 2001, da sakamakon jarrabawar PISA ta ƙasa da ƙasa ya nuna yaran Finlan a kan gaba wajen karatu. Tawagogi suka yi ta zuwa kallon makarantu, ma'aikatar ilimi ta nan Saudiyya ma ta tura rukunin malamai su zauna a azuzuwan can, kuma kowane baƙo ya dawo da darasin da dama shi yake so gwamnatinsa ta ji. Makin ƙasar ya kai ƙololuwa a 2006, tun daga nan yake ta sauka, amma labarin bai sauka tare da shi ba.

Maganar farin ciki ma haka za ka bi da ita. Gaskiya ne rahoton farin ciki na duniya ya sa Finlan a matsayi na ɗaya kowace shekara daga 2018 zuwa 2025, sai dai ka tambayi abin da aka auna. Ana ce wa mutum ya ɗauka rayuwa tsani ce mai hawa daga 0 zuwa 10, ya faɗi matakin da yake ganin yana kai. Ba a ƙirga dariya ko yawan ziyara, gamsuwa da rayuwa ake tambaya, kuma mutumin da ya amince da ɗan sanda da asibiti da makarantar 'ya'yansa zai ba da maki mai yawa ko da fuskarsa a murtuke take. A da kuma sunan da ƙasar ta yi shi ne na baƙin ciki da kisan kai, har wani shirin talabijin na Amurka a 1993 ya nuna su a matsayin mutane masu kunya da ƙunci waɗanda rawar tango kaɗai ke sa su taɓa juna. Kisan kai ya kai ƙarshen yawansa a 1990, ya kuma ragu da kusan rabi tun lokacin. Batun giya shi ma yana da tushe, tunda har hana ta aka yi da doka daga 1919 zuwa 1932, amma yawan shanta yana raguwa tun 2007.

Ka raba abin da ido ya gani da fassarar da aka yi masa

Akwai baƙin da suka je suka gani, kuma shaidarsu tana da daraja, muddin ka iya cire fassara daga gani. Giuseppe Acerbi, ɗan Italiya da ya ratsa ƙasar a 1799, ya shiga ɗakin sauna da kansa, wato wani irin sirace na jiki duka da ake yi da tururin ruwan da aka watsa a kan duwatsu masu zafi, ya auna zafin, ya ga mutane suna fita tsirara cikin sanyi, ya kuma rubuta waƙoƙinsu. Abin da ya auna ka karɓa. Abin da ya ce yana cikin zukatansu kuwa ka ajiye shi gefe, domin bai ji harshensu ba kuma watanni kawai ya yi. Idan kana son ma'aunin baƙon da ya cancanci a saurare shi, ɗan Finlan ne ma ya bar mana shi a wannan ƙasa: Georg August Wallin, wanda ya ƙware a Larabci, ya yi shekaru yana yawo a cikin Larabawa da sunan Abdul Wali, ya ratsa Ha'il da Madina ya iso Makka a 1845. Ka tambayi duk mai ba ka labarin Finlan ko ya yi ko da rubu'in abin da wannan mutum ya yi.

Batun shiru shi ne inda gani da fassara suka fi cakuɗewa. Marubucin Jamus Bertolt Brecht, wanda ya yi gudun hijira a can daga 1940 zuwa 1941, ya siffanta su da mutanen da suke shiru cikin harsuna biyu, yana nufin harshen Finlan da na Suwidin, waɗanda su ne harsunan hukuma. Ni kaina na ɗanɗani wannan shiru. Wata rana na raka wani injiniya daga Jidda zuwa Yanbu, tafiyar sama da awa uku, kuma bayan gaisuwar farko bai sake cewa komai ba sai sau ɗaya da ya nuna raƙuma a gefen hanya. Na yi ta lissafin laifin da na yi masa, na tuna ko a taron jiya na fassara masa wata magana ba daidai ba, har na fara shirya ban haƙuri. Da muka sauka ya miƙo mini hannu ya ce tafiyar ta yi masa daɗi ƙwarai, yana fatan ni za a sake haɗa shi da ni. Gani na gaskiya ne, mutumin bai yi magana ba. Fassarata ce ta kuskure, domin na auna shi da mudun gidanmu, inda labarin zuciya fuska ake tambaya, kuma wanda ya yi maka shiru a mota lalle akwai abin da ke ransa. A wurinsa, barin abokin tafiya ya huta girmamawa ce. Na kuma lura cewa idan na jero masa gaisuwa irin tamu, ina gajiya, ina iyali, yakan tsaya ya yi tunani ya ba ni amsa ta haƙiƙa, har ya gaya mini cewa gwiwar matarsa tana ciwo. Amma kada in yi abin da nake hana ka: cikin injiniyoyin nan akwai wani da ba ya barin kowa ya sa baki idan ya fara labarin kamun kifi.

Ka ji daga bakin masu ita, amma su ma ka auna su

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, sai dai mai waƙa ma yana zaɓen baitin da zai rera wa baƙo. Siffar ɗan Finlan mai haƙuri, mai jinkiri, mai tsoron Allah, wanda sanyi ke cinye masa gona ya sake shukawa, marubutan ƙasar ne suka gina ta a ƙarni na 19 lokacin da suke neman tabbatar da cewa su al'umma ce daban da Suwidin da Rasha, kuma littafin da Zacharias Topelius ya yi wa 'yan makaranta a 1875 ya cusa ta cikin zukatan yara tsawon zamani. Baƙi suka ɗauka suka maimaita, su kuma suka ji daga bakin baƙi suka ƙara yarda. A tsakaninsu kuwa ba su ɗauki kansu abu guda ba. Sukan ce mutumin yankin Kareliya mai fara'a ne da surutu, na Häme mai nawa ne da ƙarancin magana, na Savo mai zagaye-zagaye ne da ba a kama shi a magana, kamar dai wasan da ke tsakanin Kanawa da Zagezagi. Ƙasar tana da mutum kusan miliyan 5.6, cikinsu akwai kimanin kashi 5 cikin 100 masu harshen Suwidin, akwai Sami, akwai Musulmi 'yan ƙabilar Tatar da suka zo fatauci a ƙarshen ƙarni na 19 suka yi wa jama'arsu rajista a 1925, akwai kuma Somaliyawa da aka haifa a can.

Shaidar da ta fi shafar ɗan yayata ita ce ta baƙaƙen fata mazauna ƙasar, kuma ba daidai ba ne in ɓoye ta don ba ta da daɗin ji. A 2018 hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Tarayyar Turai ta fitar da binciken da ta yi a ƙasashe 12, inda kashi 63 cikin 100 na 'yan asalin Afirka da aka tambaya a Finlan suka ce an ci zarafinsu saboda launin fata cikin shekara biyar da suka gabata, adadin da ya fi na kowace ƙasa a binciken. Wannan magana ta wuce gwajin isnadi, tunda waɗanda abin ya faru a kansu ne suka faɗa, kuma shekarar da aka fitar da ita ita ce shekarar da ƙasar ta fara zama ta ɗaya a farin ciki. Ka riƙe biyun tare, ka nemi ɗalibai 'yan Afirka da suka riga ka zuwa garin da za ka, ka tambaye su takamaimai: neman gidan haya, neman aikin hutu, shiga motar haya da dare.

Idan ka isa, ka sayi ƙaramin littafin rubutu ka riƙa sa abin da ya faru da wanda ya yi shi da ranar da ya faru. Ka rubuta cewa maƙwabcinka na hawa na uku bai amsa gaisuwa ba, ko cewa malamarka ta ce ka kira ta da sunanta kai tsaye, kada ka rubuta cewa mutanen Finlan kaza ne. Ka kula da watan musamman, domin a Oulu rana ba ta kai awa huɗu a sama a ƙarshen Disamba, mutane suna tafe a dunƙule cikin riguna masu kauri kowa na sauri ya shige gida, a ƙarshen Yuni kuwa dare ba ya yin duhu, gari yakan watse zuwa bukkokin bakin tafki, a hura wuta a kwana ana hira. Na gaya wa ɗan yayata cewa duk abin da zai aiko wa Hajiya a watanninsa na farko ya tsaya a kan lafiyarsa da karatunsa da abin da yake ci, amsar tambayar Baffansa kuma ya bari sai littafin ya ratsa hunturu guda da bazara guda.